Waƙar Da Baba Ya Aike Ni Nema



Yanzu an saba, duk abin da ya shige mana duhu sai mu ce a duba waya. Yadda ake haɗa alkaki, maganin ƙurajen zafi, aikin gida da aka ba yaro a makaranta, duk a nan muke lalube, kuma sau da yawa a dace. Har ta kai wasunmu na ganin babu abin da babu a intanet. To ni dai wata 4 na yi ina neman waƙa guda ɗaya tak ta marigayi Dakta Mamman Shata, mutumin da da wuya a sami Bahaushen da bai san muryarsa ba. Abin da na gani a wannan nema nake so in ba ku labari, domin na san da yawanku akwai tsoho ko tsohuwa a gida, akwai kuma kwalin kaset a ƙarƙashin gado ko a saman sif.

Mahaifina ya haura shekara 80. A cikin birni aka haife shi, a lungunmu da ke bayan Kasuwar Kurmi, kuma a kasuwar ya ci ƙuruciyarsa yana sayar da kayan doki, su sirdi da linzami da likkafa. Shekara 3 ke nan idonsa ya yi rauni, sai dai ya ga haske-haske. Tun daga nan zamansa ya koma soro, daga buzu sai carbi sai 'yar rediyonsa. Wata rana bayan la'asar na kai masa kunun tsamiya, sai ya ce, "Uwata, an ce wayar nan taku babu abin da ba ta tonowa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Na ce, "Haka ake cewa, Baba."

Ya ce, "To ki nemo mini Bakandamiyar Shata. Amma fa ba kowacce ba. Wadda ya ambaci maigidana a ciki nake so."

Maigidan nan nasa shi ne ya ɗauke shi yana ɗan shekara 14 ya zaunar da shi a rumfa, ya koya masa ciniki, ya ba shi jari, ya kuma tsaya masa har aka ɗaura masa aure da mahaifiyarmu. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka yi wani biki a cikin gari, Shata na wasa, ya hango Alhajin a zaune sai ya sako sunansa a cikin waƙa. Wani da ke riƙe da rikoda ya ɗauka, aka yi ta kwafa ana rabawa a tsakanin yaran rumfa. Kwafin Baba yana cikin kwalin da ruwan damina ya yi wa yoyo, zaren ya manne ya yi fumfuna. Ita kuwa rikodar ta daɗe da mutuwa.

Na ɗauka aikin minti 5 ne. Na rubuta sunan Shata da Bakandamiya a YouTube, nan take abubuwa suka zubo. Na danna ta farko na miƙa masa wayar kusa da kunne. Ya saurara har kusan ƙarshe, yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Ita ce, amma ba ita ba ce."

Sai da na yi karatu kaɗan na gane abin da yake nufi. An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya yi tallan goro da alewa yana saurayi, ya zauna a Bakori da Funtuwa da nan Kano, ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. A tsakanin nan ya yi sama da shekara 50 yana waƙa, kuma bai taɓa zama ya rubuta ko ɗaya ba. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Masana waƙar baka suna raba waƙa gida biyu: akwai gindin waƙa, wato abin da 'yan amshi ke maimaitawa, akwai kuma 'ya'yan waƙa, wato abin da jagora ke ɗorawa a kai. Gindin ba ya canzawa. 'Ya'yan kuwa a wurin Shata sai abin da Allah ya kawo masa a wannan dare: wanda ya gani a zaune, wanda ya yi masa kyauta, wanda ya ɓata masa rai. Saboda haka Bakandamiyar da ya yi a gidan rediyo daban, wadda ya yi a faifai daban, wadda ya yi a bikin wane daban. Ke kina neman waƙa ɗaya, ashe waƙoƙi ne rututu masu suna ɗaya.

Daga nan na shiga nema gadan-gadan, kullum bayan yara sun kwanta. Abu na farko da na lura shi ne rubutun suna. Masu ɗora waƙoƙin nan kowa da yadda yake rubutawa: wani Mamman, wani Maman, wani Muhammadu Shata, wani Dr Shata Katsina, wani Bakandamiya a haɗe, wani ya raba ta biyu. Kowane rubutu kika gwada sai ya fito miki da abin da ɗayan bai fito da shi ba. Haka nan haruffanmu masu lanƙwasa: in kika rubuta waƙa da ƙ za ki ga wasu, in kika rubuta da k za ki ga wasu, domin yawancin masu ɗorawa ba su da waɗannan haruffa a wayarsu. Wannan matsala ba ta tsaya ga 'yan gida ba. Akwai faifan marigayi Garba Liyo mai goge da kamfanin Folkways na Amurka ya fitar a 1976, yana nan a shafin Smithsonian Folkways, amma an rubuta sunan Garbo Leao. Wadda ta nemi Liyo har ta gaji ba lallai ta ci karo da shi ba.

Abu na biyu, ba duk abin da aka rubuta wa suna Shata ne na Shata ba. Shi sunan Bakandamiya ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, yana da tasa Bakandamiyar, kuma ta sha fito mini a cikin nema. Wani lokaci hoton Shata ne a sama, murya kuwa ta wani ce. A nan kunnen Baba ya yi mini rana. Da kiɗa ya tashi, kafin a buɗe baki, zai ce, "Wannan kotso ne, ba kalangu ba. Cire." Shi ya koya mini bambancin. Kalangu shi ne na Shata, gangar nan mai siririn ƙugu da ake matsewa a hammata, tsarkiya na ja tana saki, sauti na hawa yana sauka kamar magana. Kotso na su Narambaɗa ne da Musa Ɗanƙwairo, taushi na su Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina, kuntigi na Ɗanmaraya Jos, gurmi na Haruna Uji, kukuma ta su Garba Supa. Ga kuma harshe: da kin ji Hausar Zamfara ko ta Sakkwato ta yi nauyi a bakin mawaƙi, kin san ba ɗan Musawa ba ne.

Akwai kuma waɗanda aka yanke. Waƙar da asalinta ta haura minti 20 sai ki same ta minti 3, an datse kai an datse gindi don ta shiga TikTok ko ta yi sauƙin turawa a WhatsApp. Akwai waɗanda aka ɗora wa kiɗan fiyano a kan tsohuwar murya, akwai na masu kwaikwayo. Shi ya sa na koma duba tsawon waƙa kafin in danna. In na ga doguwa ce, ga sautin nan mai ɗan shuu na tsohon kaset, ga hayaniyar jama'a da muryar sanƙira a baya, to wannan ɗaukar wurin wasa ce, irin wadda nake nema. In na ji sauti tas babu ko tari, yawanci daga faifai aka kwaso ta, irin waɗanda kamfanin EMI ya buga, ko daga ɗakin ɗaukar gidan rediyo. Masu hoto kuwa, waɗanda za ki ga Shata a tsaye da babbar riga makaɗa na zaune, yawancinsu daga gidajen talabijin suka fito.

A cikin wata guda na tara Bakandamiya 9 mabambanta. Baba ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Babu sunan maigidansa a ko ɗaya.

Amma wani abu ya faru a soron nan da ban shirya masa ba. 'Yata ta fari, 'yar shekara 14, tana aji 3 a ƙaramar sakandare, ita ke riƙe wa kakanta waya in ina aiki a cikin gida. Yarinyar nan a tsakiyar birnin Kano aka haife ta, amma rabin maganarta Turanci ne, kamar sauran 'ya'yanmu. Ran nan na jiyo ta tana cewa, "Tsoho, ni fa ban gane abin da yake faɗa ba." Ya ce, "Haba Amarya, da wane yare yake yi?" Ta ce, "Da Hausa, amma ba irin tamu ba." Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ta mayar baya. Ya shiga yi mata bayani ɗa bayan ɗa: wannan kirari ne, wannan habaici ne, wannan zambo ne, ga bambancinsu. Wannan da aka ambata attajiri ne a gari kaza, wannan direba ne, wannan sarkin dogarai ne. Ya gaya mata abin da ake nufi da sanƙira, da barde, da sulke. Ya ba ta labarin shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, 1969, da yadda Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen kasuwa suna musu wasu na cewa ƙarya ce. Na sayo mata littafi mai shafi 60 na ce duk abin da ya faɗa ta rubuta.

A nan na gane inda intanet ta tsaya. Tana ba ki murya, ba ta ba ki labari. A ƙarƙashin yawancin waƙoƙin nan babu shekara, babu wurin da aka yi wasan, babu bayanin wanda aka yi wa. Wannan sanin yana kan tsofaffinmu, kuma kullum raguwa suke yi.

Sai kuma littattafai, don tsoho ma yakan manta ko ya haɗa labari biyu. Wanda ya fi taimakona shi ne Shata Ikon Allah, ƙaton littafin tarihinsa da Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, wanda ya fito a 2006. Aronsa na yi a wurin wani malamin Hausa, ƙanin maigidana. Shi ne kuma ya nuna mini ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, musamman Makaɗa da Mawaƙan Hausa da Diwanin Waƙoƙin Baka, inda aka bi waƙoƙin makaɗa da yawa aka rubuta su. Mai son Narambaɗa kuwa akwai littafin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na jami'ar Sakkwato ya yi a kansa. Abin ya ba ni mamaki da na ji cewa tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata, shekara 13 kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi Shatan digirin girmamawa a 1988. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "To, shi da ko aji ɗaya bai shiga ba."

Wadda ba ta da halin samun littafi, a waya ma akwai abin karantawa. Wikipedia ta Hausa tana da taƙaitaccen tarihin yawancin makaɗan nan, ta isa mafari. Shafin Amsoshi yana da rubutattun waƙoƙin baka da nazarce-nazarcen malamai da ɗalibai. Jaridar Aminiya da sashen Hausa na BBC sun sha yin rubutu a kan makaɗan da, musamman in ranar rasuwarsu ta zagayo. Kalmar da ta gagare mu, ta gagari Baba, mukan duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ko tsohon ƙamusun Bargery na 1934 da aka ɗora a intanet, wanda ke cike da kalmomin da suka fita daga bakin mutane. Sai dai duk abin da na karanta a shafi guda ba na riƙe shi sai na gan shi a wani wuri, don shekarun haihuwa da na rasuwar makaɗan nan kowa da abin da yake rubutawa.

Bari in taɓo maganar data, don na san ita ce ke cin ran kowace uwa. Hoto mai motsi shi ke shanye kuɗi. In murya kawai kike so, ki rage ingancin hoton YouTube zuwa 144p, ko ki nema a Audiomack ko Boomplay inda sauti ne zalla. Waƙa a tsarin MP3 takan ci kusan megabait 1 a kowane minti. Abin da aka yarda a sauke, ki sauke sau ɗaya ki huta. Na sayi 'yar rediyon nan mai cin memori, mai manyan maɓallai, na zuba wa Baba abin da muka tace a ciki. Yanzu ba ya jiran kowa, da lalube yake kunna abinsa.

Sai maganar tarbiyya. Na san akwai gidajen da ba a sa kiɗa ko kaɗan, kowa da tsarin gidansa. Amma ko a gidan da ake sawa, kada ki miƙa wa yaro waya ki ce ya je ya ji Shata. Mutumin nan ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta noma da ta neman ilimi da ta sarakuna, ya kuma yi ta mashaya da ta zambo mai zafi irin Gagarabadau, wadda ba kowace kalma a cikinta za ki so ki ji a bakin 'yarki ba. Ni nake fara saurara ni kaɗai, in ware. Kuma nakan kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa, don daga Shata ba ki san inda zai kai yarinya ba.

Da wata na 3 ya kama ban samu ba, sai maigidana ya ce in gwada Ƙofar Wambai, inda a da nan ne cibiyar masu kaset. Yawancinsu sun canza sana'a, amma da tambaya aka nuna mini wani dattijo a wani ɗan shago, da tsohuwar kwamfuta a gabansa, yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya buɗe mini jerin waƙoƙin Shata da ya tara, na ga sun ninka abin da na gani a intanet. Muka bi Bakandamiyoyinsa, babu. Sai ya ce, "Hajiya, abin da ya shigo kasuwa shi ne na faifai da na rediyo da na talabijin, sai ɗan abin da aka kawo mana. Na biki a gidan masu biki yake kwana. Shi Alhajin ba shi da iyali ne?"

Matambayi ba ya ɓata. Ashe amaryar maigidan Baba tana nan da ranta a Koki, tafiyar da ba ta kai minti 15 a ƙafa daga gidanmu ba. Na ɗauki gwaggona, don ita ta san ta, muka riƙe goro da turare muka je. Bayan an gaisa an yi ta'aziyyar waɗanda suka rigaye mu, gwaggo ta kawo maganar. Hajiya ta yi shiru, sannan ta sa jikanta ya jawo mata wata adaka daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan saƙi, ga kaset a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce, "Tun da Alhaji ya rasu ban ƙara ji ba. Abin sawar ma babu." Ta yarda a kai a juye, amma da sharaɗi: jikanta zai bi shi, kuma ba zai kwana a waje ba.

Mai gyaran rediyon da muka kai wa bai yi gaggawa ba, Allah ya saka masa. Ya ce tsohon kaset ba a jefa shi a rikoda kai tsaye, sai ta cinye zaren. Da biro ya juya shi a hankali daga farko har ƙarshe, ya ga ɗan soson da ke tallafe zaren ya faɗi, ya kwance gidan ya mayar da zaren cikin wani, sannan ya haɗa rikodarsa da kwamfuta da waya ya juye. Minti 19 aka samu. Sautin ya dushe, akwai inda yake rawa, ga guɗa ga hayaniya.

Da magariba ta wuce na kai wa Baba. Ban ce masa komai ba, na dai kunna. Tun kiɗan bai yi nisa ba ya ajiye carbi ya gyara zama. Wajen minti na 11 sunan ya fito, sau biyu, sanƙira ya ɗauka ya ƙara da kirari, jama'a suka ɗau sowa. Baba ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Ina tsaye a bayansa a lokacin nan, ina riƙe da takalminsa." Ya yi wa Alhajin addu'a, ya yi wa Shata, ya yi wa mahaifiyarmu. Sannan ya ce, "Amarya, kawo littafinki." Daren nan ta cika shafi 6: sunan mai bikin, unguwar, waɗanda ke zaune a gaba, abin da kowa ya bayar, da abin da ya faru da kowannensu daga baya.

'Yan uwa, intanet randa ce, ba rijiya ba. Abin da wani ya ɗebo ya zuba shi kike samu. Duk waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo da kika ji a waya, wani ne ya adana faifai ko kaset shekara da shekaru, ya ɗauki wahala ya juye ya ɗora. Wadda ba a juye ba tana nan a adakar wata tsohuwa, zafi da laima suna cin ta, kuma ranar da aka zo rabon gado ita ake fara zubarwa a bola. Mu mata mu ne masu shara da kwashe ɗaki, a hannunmu abin nan yake tsira ko ya salwanta.

Saboda haka in kina da irin wannan kwali, ki ɗauke shi daga ƙasa da jikin bango mai laima, ki nisanta shi da rana da kuma lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana ɓata zaren. Kada ki gwada a tsohuwar rikoda. Ki nemi mai gyara mai haƙuri ya juye miki, ki ajiye a wuri 3: memori, wayar wani a gidan, da kuma imel ko Google Drive. Sannan ki zauna da tsohon gidan ku saurara tare, a rubuta wane ne mawaƙin, a ina aka yi, wajen wace shekara, wa aka ambata, wa ya ba da bayanin. Ki sa wa fayil ɗin cikakken suna, kada ki bar shi da lamba. Waƙar da ba ta da wannan bayani, nan da shekara 20 sauti ce kawai.

Kafin ki watsa kuma ki nemi izini. Tamu ba mu ɗora ta ko'ina ba, don Hajiya ta ce a bari ta yi shawara da 'ya'yan Alhaji, kuma shi ma mai waƙar ya bar magada masu haƙƙi. Abin da muka tsayar shi ne, in sun amince, a kai kwafi cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take, tare da kwafin abin da yarinyar ta rubuta.

Mun mayar wa Hajiya kasetinta a ranar, kamar yadda aka yi alkawari, muka haɗa mata da 'yar rediyo irin ta Baba. Bayan sati biyu ta aiko jikanta wai in turo mata 'yata da littafinta. Tana so a nemo mata waƙoƙin Uwaliya Mai Amada da na Barmani Coge, irin waɗanda suke ji a gidan suna, kuma ta ce akwai waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da ta iya tun tana amarya, waɗanda babu wanda ya taɓa ɗauka a kaset balle su shiga waya. Ran Asabar da ta wuce suka fara. Littafin mai shafi 60 ya cika, na sayo na biyu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya shirya mana zuri'a. Amin.